John Keats

John Keats (31 ga Oktoba, 1795 – 23 ga Fabrairu, 1821) marubucin waƙoƙi ne ɗan ƙasar Ingila. Ana lissafa shi tare da Lord Byron da Percy Bysshe Shelley a rukuni na biyu na mawaƙan zamanin da ake kira Romantik a adabin Ingilishi. Ya mutu da ciwon tarin fuka a birnin Rum yana da shekara 25, shekara huɗu kacal bayan fitowar littafinsa na farko. Mutuwa da gushewar ƙuruciya suna cikin manyan jigogin waƙoƙinsa. Ya san su tun yana yaro, domin ya rasa iyayensa biyu kafin ya cika shekara 15, ya yi aikin asibiti, kuma shi ya yi jinyar ƙanensa har ya cika.

Farkon rayuwa

An haifi Keats a birnin Landan. Mahaifinsa, Thomas Keats, yana kula da bargar dawaki a wani masauki mai suna Swan and Hoop, mahaifiyarsa kuma ita ce Frances Jennings. John ne babba a cikin 'ya'ya huɗu da suka rayu, sai George, sai Tom, sai auta Fanny. A shekarar 1803 aka sa shi makarantar John Clarke da ke Enfield.

A watan Afrilun 1804 mahaifinsa ya faɗo daga kan doki, kansa ya fashe, ya mutu. Mahaifiyar ta sake aure bayan wata biyu, auren bai yi ƙarko ba, yaran suka koma hannun kakarsu Alice Jennings a Edmonton. A watan Maris na 1810 tarin fuka ya kashe mahaifiyar, John yana da shekara 14. Daga nan dukiyar marayun ta shiga hannun wani ɗan kasuwar ganyen shayi mai suna Richard Abbey, kuma Keats ya yi ta fama da ƙarancin kuɗi har ƙarshen rayuwarsa.

Karatun likitanci

Bayan ya bar makaranta, an kai shi koyon aiki wurin Thomas Hammond, likitan tiyata kuma mai haɗa magani a Edmonton. A watan Oktoban 1815 ya shiga asibitin Guy's da ke Landan a matsayin ɗalibi, ba da jimawa ba aka ba shi aikin taimaka wa likitocin tiyata wajen wanke rauni da ɗaure shi. A wancan zamani babu allurar kashe zafi, saboda haka majinyaci yana farke ake yi masa aiki. A 1816 ya sami lasisin haɗa magani, amma kafin shekarar ta ƙare ya yanke shawarar barin aikin domin ya duƙufa ga waƙa.

Littattafansa na farko

Waƙarsa ta farko da aka buga ta fito a watan Mayun 1816 a mujallar The Examiner ta Leigh Hunt. Littafinsa na farko, Poems, ya fito a Maris na 1817, bai samu kasuwa ba. A 1818 ya fitar da Endymion, doguwar waƙa mai layi kusan 4,000 da aka gina a kan tatsuniyar Girkawa ta wani makiyayi da allahiyar wata. Mujallun Blackwood's da Quarterly Review sun yi mata kaca-kaca. Sukar ba ta tsaya ga waƙar ba, har gori aka yi masa a kan asalinsa da sana'ar haɗa magani.

A watan Yunin 1818 ƙanensa George ya yi ƙaura zuwa Amurka da amaryarsa. Keats kuma ya tafi yawon ƙafa a arewacin Ingila da Sikotland tare da abokinsa Charles Brown, ya dawo a watan Agusta da ciwon maƙogwaro. Ya tarar jikin Tom ya yi tsanani da tarin fuka. Ya zauna da shi a ɗaki ɗaya yana jinyarsa har ya mutu a ranar 1 ga Disamba, 1818, yana da shekara 19. Bayan haka Keats ya koma gidan Brown a Wentworth Place da ke unguwar Hampstead. A wannan lokacin ne ya haɗu da Fanny Brawne, wadda daga baya suka yi alkawarin aure.

Mutuwa a cikin waƙoƙinsa

Tun a Janairun 1818, kafin ya kamu da ciwo, Keats ya rubuta wata sonet, wato waƙa mai layi 14, a kan tsoron kada ajali ya riske shi bai rubuta abin da ke ransa ba, bai kuma more soyayya ba. Ba a buga ta ba sai 1848. A shekarar 1818 ɗin ya rubuta Isabella, wadda ya ɗauko labarinta daga marubucin Italiya Boccaccio. Yayyen Isabella sun kashe masoyinta Lorenzo, ita kuma ta tono kansa ta binne a tukunyar ɗoɗɗoya, tana shayar da shukar da hawayenta. Da aka sace tukunyar sai baƙin ciki ya kashe ta. Waƙar tana nuna mai makoki da ta ƙi yarda a raba ta da mamacinta.

Mafi yawan waƙoƙin da aka san shi da su a 1819 ya rubuta su, cikin watannin da suka biyo bayan mutuwar Tom. Ode to a Nightingale tana da baiti 8, kowane baiti da layi 10. Mawaƙin yana sauraron kukan wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya da dare, yana fatan ya bi shi ya bar duniyar ciwo da tsufa, inda matasa ke ramewa su mutu. Masu nazari da yawa suna ganin Tom yake tunawa a wannan wuri. A baiti na shida ya amsa cewa mutuwa marar raɗaɗi ta daɗe tana ba shi sha'awa. Nan take kuma ya lura cewa idan ya mutu tsuntsun zai ci gaba da kuka, shi ne ba zai ji ba. Wannan tunani ne ya karya sha'awar, waƙar ta ƙare yana kokwanton ko mafarki ya yi ko ido biyu yake.

A Ode on a Grecian Urn ya dubi hotunan da aka zana a jikin wani tsohon tulun Girkawa. Saurayin da ke jikin tulun ba zai tsufa ba, budurwarsa ba za ta yamutse ba, amma kuma har abada ba zai kai gare ta ba, tunda zane ba ya motsi. Abin da ya tsira daga mutuwa ke nan bai ɗanɗani rayuwa ba. Ode on Melancholy ta gargaɗi mai baƙin ciki da kada ya nemi guba ko mantuwa, domin daɗi da ɓacin rai a haɗe suke.

To Autumn, wadda ya rubuta a garin Winchester a watan Satumban 1819, baiti 3 ce mai layi 11 kowanne. Ta fara da nunar 'ya'yan itace, ta wuce zuwa girbi, ta ƙare da yammaci a gonakin da aka gama girbewa, tsuntsaye suna taruwa. A nan babu gudu kuma babu kokawa. Shi ya sa ake yawan karanta ta a matsayin waƙar da ya karɓi ƙarewar abubuwa da natsuwa. A wata doguwar wasiƙa da ya aika wa George a farkon shekarar, ya bayyana ra'ayinsa cewa wahalar duniya ita ce makarantar da ke mayar da hankalin mutum ya zama cikakken ruhi.

Rashin lafiya da mutuwa

A daren 3 ga Fabrairu, 1820, Keats ya dawo gida da zazzaɓi, ya yi tari da jini. Bisa labarin Brown, ya sa an kawo kyandir ya duba launin jinin, ya gane na jijiya ne, ya kuma san cewa ba zai tashi ba. A watan Yuli littafinsa na uku kuma na ƙarshe ya fito, mai ɗauke da Lamia da Isabella da The Eve of St Agnes da manyan waƙoƙin 1819. An karɓe shi fiye da na baya, amma a lokacin ya riga ya daina rubuta waƙa.

Likitoci sun ce ba zai iya jure wani sanyin Ingila ba, suka ba da shawarar ya tafi Italiya. A watan Satumba ya shiga jirgin ruwa mai suna Maria Crowther tare da abokinsa mai zane Joseph Severn. Sun isa Napoli a ranar 21 ga Oktoba, aka killace jirgin kwana goma. A tsakiyar Nuwamba suka isa Rum, suka kama ɗaki a gida mai lamba 26 a dandalin Piazza di Spagna.

Likitansa, James Clark, ya bi hanyar jinyar zamanin: yana tsaga jijiya ya zubar masa da jini, ya kuma rage masa abinci har ya kai ɗan ƙaramin kifi ɗaya da yankan burodi a rana. Wannan ya ƙara raunana shi. Keats ya zo da kwalbar ruwan ofiyom, ya roƙi a ba shi don ya huta da azaba, amma Severn ya hana shi, ya miƙa wa likita kwalbar. Wasiƙun Fanny Brawne da suka iso ya kasa buɗe su, aka binne shi da su. Ya mutu a hannun Severn a daren 23 ga Fabrairu, 1821. Da aka buɗe ƙirjinsa an tarar huhunsa ya lalace kusan gaba ɗaya. Hukumomin Rum sun ƙona kayan ɗakin kamar yadda dokarsu ta tanada. An binne shi a maƙabartar Furotesta ta birnin, kuma bisa wasiyyarsa ba a rubuta sunansa a dutsen kabarin ba.

Bayan mutuwarsa

A 1821 Shelley ya rubuta masa marsiyya mai suna Adonais, mai baiti 55, inda ya ɗora alhakin mutuwarsa a kan masu sukar Endymion. Wannan zance ya yaɗu har aka daɗe ana ɗaukar Keats a matsayin mai raunin zuciya da kalamai suka kashe. Wasiƙunsa sun nuna akasin haka, domin sukar ba ta hana shi aiki ba, kuma bayanta ne ya rubuta mafi kyawun waƙoƙinsa. Abin da ya kashe shi ƙwayar cuta ce, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ba a kuma sami maganinta ba sai a shekarun 1940. Shelley ya nutse a teku a watan Yulin 1822 da littafin Keats a aljihunsa, aka binne tokarsa a maƙabarta ɗaya da shi.

Sunan Keats ya fara ɗaukaka bayan Richard Monckton Milnes ya wallafa tarihin rayuwarsa da wasiƙunsa a 1848. Alfred Tennyson da masu zane na ƙungiyar Pre-Raphaelite sun tasirantu da shi ƙwarai. An buga wasiƙunsa ga Fanny Brawne a 1878. Severn ya mutu a Rum a 1879, kabarinsa yana gefen na abokinsa. Gidan da Keats ya mutu a ciki ya zama gidan tarihi a 1909, na Hampstead kuma aka buɗe shi ga jama'a a 1925.