Hideyo Noguchi da zazzaɓin shawara

Idan kun kai jariri ɗan wata 9 gidan likita a Magarya ko Dungas, ana yi masa allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Maniyyaci ma sai ya nuna shaidar wannan allura. Shin kun san cewa wasu sun rasa ransu wajen neman ta?

An haifi Hideyo Noguchi a ƙasar Japan a 1876, iyayensa manoma ne talakawa. Yana ƙarami ya faɗa murhu, hannunsa na hagu ya ƙone. Aikin da wani likita ya yi wa hannun ne ya sa shi son likitanci. Daga baya ya tafi Amurka, ya yi suna a cibiyar bincike ta Rockefeller.

A 1918 ya ba da sanarwar gano ƙwayar da ke kawo shawara, har ya haɗa rigakafi. Ashe kuskure ya yi: ƙwayar wata cuta ce daban. Ta shawara ƙanƙanuwa ce ƙwarai, madubin likita na lokacin bai iya nuna ta.

Ƙarshen 1927 ya sauka Ankara, a ƙasar Gana ta yanzu, domin ya sake gwadawa. Ya san haɗarin, don a watan Satumba cutar ta kashe likita Adrian Stokes a Legas, kan irin wannan aiki. Ku lura: sauro ne ke yaɗa cutar, amma a ɗakin bincike jinin biran gwaji ma yana harbin mai taɓa shi. Noguchi ya kamu, ya rasu ranar 21 ga Mayu 1928. Kwanaki kaɗan bayan haka abokin aikinsa William Young ya bi shi.

Ba Noguchi ya samo rigakafin ba, wannan gaskiya ce. Amma aikin bai tsaya ba. A 1927 an ɗebi jinin wani majinyaci a Gana mai suna Asibi. Daga ƙwayar da ke cikin jinin Max Theiler ya yi ta rage mata ƙarfi, har rigakafi ya samu a 1937. Allura ɗaya tana kare mutum tsawon rayuwarsa.

Yau duk mai aiki da wannan ƙwaya sai an fara yi masa allurar, kuma a keɓaɓɓen ɗaki yake taɓa ta, da safar hannu. A 1979 aka buɗe cibiyar bincike da sunan Noguchi a Jami'ar Gana.