Frantz Fanon: Sojan Faransa da Ya Juya Mata Baya

An haifi Frantz Fanon ranar 20 ga Yuli, 1925, a tsibirin Martinik, wani yanki na Karebiyan da ke hannun Faransa. Ya tashi yana ɗaukar kansa Bafaranshe sosai, domin haka makaranta ta koya masa, ko da yake cikin malamansa akwai mawaƙi Aimé Césaire, wanda ya nuna masa cewa baƙar fata ba abin kunya ba ce.

Yana ɗan shekara 18 ya shiga rundunar Janar de Gaulle don ceto Faransa daga hannun Hitila. A 1944 aka kai su Maroko da Aljeriya, kuma a nan ne idonsa ya fara buɗewa. Ya tarar an kasa sojojin kashi-kashi: Turawa a sama, 'yan Karebiyan a tsakiya, sa'an nan 'yan Afirka ta Yamma masu jar dara a ƙasa, alhali harsashin Jamus bai san wannan bambanci ba. A ƙarshen shekarar aka yi masa rauni a gabashin Faransa, aka ba shi lambar jarumtaka. Abin al'ajabi, hafsan da ya ba shi lambar, Raoul Salan, shi ne daga baya ya shugabanci sojojin Faransa wajen murƙushe Aljeriyawan da Fanon ya koma wa.

Bayan yaƙi ya karanci likitanci a birnin Lyon, ya ƙware kan taɓin hankali. A 1952 ya wallafa littafinsa na farko, Peau noire, masques blancs, watau baƙar fatar da ta rufe fuska da farin ƙyalle. A 1953 aka tura shi asibitin Blida a Aljeriya. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954, sai ya zama yana duba waɗanda aka azabtar, yana kuma duba 'yan sandan da suka azabtar da su, duk ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A ganina nan ne tushen dukan abin da ya rubuta daga baya. A 1956 ya ajiye aiki, a farkon 1957 aka kore shi daga ƙasar, ya koma Tunis cikin ƙungiyar FLN. A 1960 gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ta naɗa shi wakilinta a Ghana.

A shekarar nan, bayan wata doguwar tafiya zuwa arewacin Mali don neman hanyar shigar da makamai ta Sahara, aka gano yana da sankarar jini. Aka kai shi Mosko magani, ya ɗan sami sauƙi. Maimakon ya kwanta, sai ya duƙufa yana shibta, ana rubutawa, har cikin 'yan makonni ya kammala Les Damnés de la terre, watau wulaƙantattun duniya. Masu suka sun fi tsayawa kan babinsa na farko game da zub da jini. Mu 'yan Afirka ya fi kyautu mu karanta inda ya yi gargaɗi kan shugabannin da za su gaji Turawa su ci amanar talakawa.

Ba da son ransa aka kai shi Amurka ba, ƙasar da yake ƙyama saboda wariyar launin fata. Ya rasu a wani asibiti a Bethesda ranar 6 ga Disamba, 1961, yana da shekara 36. Aka ɗauko gawarsa zuwa Tunis, mayaƙa suka tsallaka iyaka da ita suka binne shi a ƙasar Aljeriya, kamar yadda ya yi wasiyya, wata bakwai kafin ta sami 'yancin kai.