Tarihin Nikola Tesla, injiniyan wutar lantarki

An haifi Nikola Tesla a ranar 10 ga watan Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda a yau yake cikin ƙasar Kuroshiya. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan ƙabilar Sabiyawa.

Ya yi karatun injiniya a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, amma bai kammala ba. Daga nan ya yi aiki a Budapest da Paris, kafin ya tsallaka zuwa Amurka a shekarar 1884, inda ya kama aiki a kamfanin Thomas Edison da ke New York.

Zaman nasu bai yi tsawo ba. Bayan kimanin wata shida Tesla ya ajiye aiki, kuma akwai lokacin da rayuwa ta yi masa ƙunci har ya koma haƙar rami ana biyansa dala biyu a yini.

Takaddama kan nau'in wuta

A wancan zamani Edison yana sayar da wutar lantarki mai gudu ta fuska ɗaya, wato DC. Matsalarta ita ce ba ta yin nisa, don haka kusan kowace unguwa sai an gina mata tasharta.

Shi kuwa Tesla ya karkata ga wuta mai kai da komowa, wato AC, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, sannan a rage shi idan ta iso gari. Abin da ya rage shi ne ingantaccen injin da zai yi aiki da ita.

Wannan injin ne Tesla ya ƙera, aka kuma ba shi takardar mallakar fasahar a 1888. A cikin shekarar attajirin nan George Westinghouse ya sayi izinin amfani da ita.

A 1893 kamfanin Westinghouse ya haskaka babban baje kolin duniya na Chicago, kuma a 1896 wutar da aka samar daga ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo. Daga nan tsarin AC ya yi rinjaye.

Ƙarshen rayuwarsa

Sai dai ɗaukakar ba ta zame masa arziki ba. A 1895 gobara ta cinye ɗakin gwaje-gwajensa. A 1901 ya fara gina wata hasumiya a Wardenclyffe da kuɗin attajiri J.P. Morgan, da burin aika saƙo, daga baya har da wuta, ba tare da waya ba. Kuɗi suka ƙare, aka rushe hasumiyar a 1917.

Tesla bai taɓa aure ba. Ya mutu shi kaɗai a ɗakin wani otal a New York ranar 7 ga watan Janairun 1943, yana da shekara 86, da bashi a kansa. Tokar gawarsa tana ajiye a gidan tarihi mai sunansa a Belgrade.

Abin da ya bari

A 1960 aka sanya sunansa ga ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, kuma kamfanin motocin lantarki na Tesla, da aka kafa a 2003, don girmama shi ya ɗauki sunan.

A cikin irin waɗannan motoci ne tsarinsa da na Edison suka sake haɗuwa. Batir DC kaɗai yake iya ajiyewa, alhali layin wutar gari AC yake ɗauke da ita, saboda haka sai an sa na'urar da za ta juya wannan zuwa waccan kafin mota ta yi caji.

Akwai kuma na'urorin da ke juya wutar ta fuska biyu, ta yadda mota za ta sha caji da dare, ta kuma mayar da wuta ga gida ko ga babban layi lokacin da buƙata ta yi yawa. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, kamfanin Nissan ya fito a 2012 da tsarin da motarsa ƙirar Leaf ke bai wa gida wuta idan an ɗauke.