D. W. Griffith: Ɗan Wasan da Ya Koma Bayan Kyamara

An haifi David Wark Griffith ranar 22 ga Janairu, 1875, a wata gona da ke jihar Kentucky ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa kanar ne a rundunar Kudu lokacin Yaƙin Basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865. Jihohin Kudu sun yi yaƙin ne don su ci gaba da riƙe baƙar fata a matsayin bayi, aka kuwa ci su da yaƙi. Saboda haka yaron ya tashi yana jin labarin wannan yaƙi daga bakin waɗanda aka ci, masu ganin an zalunce su. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake komowa kansa.

Yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya rasu, talauci ya shiga gidan. Daga baya iyalin suka koma birnin Louisville, inda ya bar makaranta ya kama aiki a kanti, sa'an nan a shagon sayar da littattafai. Da ya girma sai ya shiga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, yana amfani da sunan Lawrence Griffith. Ya yi fiye da shekara goma a wannan sana'a ba tare da ya yi suna ba. Babban burinsa ma shi ne ya zama marubuci, amma wasan da ya rubuta aka nuna a 1907 bai karɓu ba.

A lokacin nan 'yan wasan dandamali suna raina fim, suna ganinsa abin kallon talakawa. Rashin kuɗi ne ya kai Griffith kamfanin Edison a birnin New York da wani labari da yake so ya sayar. Aka ƙi labarin, amma aka ba shi wasa a wani gajeren fim, ya fito a matsayin uban da ya ceto jaririnsa daga sheƙar gaggafa. A 1908 ya koma kamfanin Biograph, a can ne kuma aka fara ba shi damar ba da umarni. Daga nan ya bar gaban kyamara ya koma bayanta.

Finafinan wancan zamani gajeru ne, ba su da murya. Yawanci akan kafa kyamara wuri guda, 'yan wasa su yi ta kai-komo a gabanta kamar suna kan dandamali. Griffith da mai ɗaukar masa hoto, Billy Bitzer, suka riƙa matso da kyamara kusa da fuska, har mai kallo ya ga tsoro ko hawaye a idon ɗan wasa. Ya kuma ƙware wajen nuna abubuwa biyu da ke faruwa lokaci guda a wurare dabam-dabam. A fim ɗinsa The Lonely Villa na 1909, ɓarayi na fasa ƙofar gida, uwa da 'ya'yanta na ciki, maigida kuwa yana can yana sauri ya iso. Sai a nuna ɓarayin, a nuna maigidan, a sake nuna ɓarayin, kowace fitowa ta fi ta baya gajarta, har zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa. Ba shi ya ƙago dukan waɗannan dabaru ba, ko da yake ya so a ce shi ne. Amma shi ya harhaɗa su ya mai da su hanyar ba da labari, kuma duk fim ɗin da kuka kalla a yau, na Legas ne ko na Kano ko na Indiya, da su yake aiki. Kafin ya bar Biograph a 1913 ya shirya gajerun finafinai wajen 450.

A 1915 ya fitar da The Birth of a Nation, wato Haihuwar Ƙasa, mai tsawon kusan awa uku, a kan Yaƙin Basasa da abin da ya biyo baya. An ɗauko labarin daga littafin Thomas Dixon. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo, har a fadar shugaban ƙasa Woodrow Wilson an nuna shi. To, amma abin da ke cikinsa mummuna ne. Ya nuna 'yantattun bayi a matsayin wawaye da mugaye, yawancin manyan 'yan wasan da suka fito a baƙar fata kuwa Turawa ne da suka shafa baƙi a fuska. Jaruman fim ɗin su ne 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta yi ta kashe baƙar fata da tsorata su don kada su yi zaɓe. Dabarar nan ta maigida mai saurin ceton iyalinsa ita Griffith ya yi amfani da ita, sai dai a wannan karon mahayan Klan ne ke zuwa ceto, 'yan kallo na tafa musu.

Baƙar fatar Amurka ba su yi shiru ba. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙinsu ta nemi a hana nuna fim ɗin, ɗan jarida William Monroe Trotter kuma ya jagoranci zanga-zanga a Boston. Wasu birane sun hana, yawanci ba su hana ba. Kafin shekarar ta ƙare aka sake kafa Klan a jihar Georgia, bayan ta daɗe da mutuwa, ta kuma riƙa amfani da fim ɗin wajen jawo mabiya.

Griffith ya ji zafin sukar, amma shi a ganinsa tarihi ya faɗa kamar yadda ya ji shi tun yana yaro. A 1916 ya fitar da Intolerance, labarai huɗu a kan rashin haƙuri da juna, aka gina masa ƙaton birnin Babila a Hollywood. Masana na yaba fim ɗin har yau, amma bai mai da kuɗinsa yadda aka zata ba. A 1919 shi da Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks suka kafa kamfanin United Artists. Ya sake samun nasara da wasu finafinai, sa'an nan tauraruwarsa ta fara dushewa, bashi ya yi masa katutu. Biyu kacal ya yi masu murya, na ƙarshe a 1931.

Ya yi sauran shekarunsa goma sha bakwai bai sake fitar da wani fim nasa ba, sai dai lambar girmamawa ta Oscar da aka ba shi a 1936. Ya rasu ranar 23 ga Yuli, 1948, a Hollywood, yana da shekara 73, aka kai shi Kentucky aka binne. A 1953 ƙungiyar daraktocin Amurka ta sa wa babbar lambar yabonta sunansa. A 1999 ta cire sunan, ta ce dalilinta shi ne irin yadda ya nuna baƙar fata a finafinansa.