Tarihin Alhaji Abubakar Imam, Falken Magana

Ya 'yan'uwa masu karatu, malamai da almajirai da fatake, daga birnin Daura har Baure da Babban Mutum, da wuya a sami zauren da ba a taɓa jin labarin akun nan mai hikima ba, ko na Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Amma kaɗan ne suka san irin zaman da mutumin da ya sa su a takarda ya yi. Sau da yawa akan ji wani ya ce rubuta hikaya aikin marasa aikin yi ne, bai dace da ɗan malamai ba. To, ga labarin ɗan malamai da ya yi wannan aiki, kowa ya auna da kansa.

An haifi Abubakar Imam a Kagara, wadda yau take cikin Jihar Neja, a shekarar 1911, ita ce shekarar da aka naɗa Sarkin Daura Abdurrahman. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka allo da tawada ya fara sani tun bai ga boko ba. Da ya tasa aka kai shi Katsina wurin wansa Malam Bello Kagara, wanda ke koyarwa a Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ya shiga kwalejin nan a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina.

Yana cikin wannan aiki, sai a 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Dokta East ke shugabanta, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam Tafida tare da East, da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar. Wa da ƙane ke nan cikin biyar, ƙanen kuwa shekararsa 22 kacal. Malaman da suka sauke Muƙamatul Hariri, in sun duba Malam Zurƙe da kyau, za su ga kamannin Abu Zaidi a jikinsa, gama daga can ne yaron ya koyi yadda ake saƙa labarin mai wayo da abokin karonsa. Ashe karatun zaure ne ya ba shi jarinsa na fari.

A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya, ya yi wata 6 ba shi da wani aiki sai rubutu. Kada a zaci zaman hutu ne. An tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna. Sai ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta, su zauna da East su bi abin da ya rubuta, a soke, a gyara, a sake. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, labaru fiye da 80, aka buga su tsakanin 1937 da 1939.

Akwai masu cewa ai aro ya yi. Gaskiya ne ya yi aro, amma fa a dubi yadda ya yi shi. Falke yakan sayo farin ƙyalle daga nesa, ya kai karofi a rina da baba, ya kai wa mabuga, har in ya baje shi a kasuwa ba mai tambayar inda aka saƙa shi. Haka Imam ya yi da labaru. Wanda ya fito daga Bagadaza ko Jamus sai ya sa masa sarki da waziri da dogarai, da alƙali da muhuti, da mahauta da 'yan koli, da karin maganar da muka saba ji a bakin tsofaffi. Malamai kuwa sun fi kowa sanin wannan hanya, tun da Ishiriniyar da ake rerawa a ƙasarmu baitocin Alfazazi ne da tahmisin Ibn Muhibbi, kuma ba wanda ya kira mai tahmisi ɓarawo.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, shi ne kuwa editanta na Hausa na farko. Daga nan yininsa ya koma na ma'aikacin jarida, har fiye da shekara 10: karanta wasiƙun jama'a daga larduna, rubuta sharhi, duba kurakuran ɗab'i, da neman kalmar Hausa ga abin da Bahaushe bai taɓa gani ba. Kafin shekarar ta ƙare aka soma yaƙin Hitila, ya zamana dole a bayyana wa manomi da falke abin da ke gudana a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. Domin waɗanda ba su karanta boko, jaridar ta riƙa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, har da Dokta Azikiwe. A can ya sadu da Lugga, wanda ya ci ƙasar nan da yaƙi, ya bayyana masa abubuwan da ke damun mutanen Arewa. Da ya komo bai ajiye abin da ya gani a cikinsa ba, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Haka kuma da ya zama wakili a majalisar Ikko, ya tsaya a kan maganar wahalar alhazai. Ya yi aikin haji a 1953, ya kawo shawarwari kan yadda hukuma za ta kula da su, ya kuma rubuta Haji Mabuɗin Ilmi. Alhazan da suka sami masu kula da su daga baya suna cikin waɗanda suka ci moriyar wannan tsayuwa.

Alƙalamin da ya rubuta labarin aku shi ne dai ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da Sayyidina Abubakar, kuma mai shi ya kafa makarantar Nurul Huda a Tudun Wadan Zariya, inda ya zauna, domin yara su haɗa karatun addini da na boko. A 1955 ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga bisani ya zama shugabanta. Ya rasu a Zariya ranar Juma'a, 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70.

To, jama'a, wannan shi ne zaman marubucin: koyarwa, da karatu, da gyaran takarda, da amsa wasiƙu, yau da gobe. Wanda ke da Magana Jari Ce a cikin adaka, ya fito da shi ya kaɗe ƙura, ya ba yaro ya karanta wa mutanen gida bayan lisha, sa'an nan a yanke hukunci ko aikin banza ne. Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya gafarta masa, ya sa mu cika da imani. Haza wassalam.