Geoffrey de Havilland: Mutumin da Ramin Ƙusa Ya Kayar wa da Jirgi

A zangon karatun da ya wuce, ni da abokan furojet ɗina muka harhaɗa tankin iska na ƙaramin kwamfaresa. Muka yi walda, muka goge, muka ɗura masa iska har allurar geji ta wuce inda ake buƙata. Bai yi yoyo ba, bai fashe ba. Muka tafa, muka tafi wajen malamin da ke duba aikinmu da albishir cewa gwaji ya kammala. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko sau nawa muka cika tankin muka sauke. Sau ɗaya ne. Bai yi mana faɗa ba. Sai ya juya takardarmu ya rubuta wani suna a baya, ya ce kada mu sake taka ofishinsa sai mun karanta tarihin mai sunan. Gaskiya da haushi na fara karatun, amma ga shi yau ina rubuta muku shi.

An haifi Geoffrey de Havilland ran 27 ga Yuli, 1882, kusa da garin High Wycombe a Ingila. Ubansa limamin coci ne. Abin da ya fara burge ni shi ne mutumin nan bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Makarantar koyon aikin injiniya ta Crystal Palace ya yi, daga 1900 zuwa 1903, wato dai irin tamu, inda hannu ke yin baƙi. Masu yi mana kallon 'yan difloma su riƙe wannan. Bayan ya gama ya yi aiki a kamfanonin motoci, har da na ƙera bas-bas a Landan, a nan ya haɗu da Frank Hearle, wanda ya zama abokin aikinsa na tsawon rai.

Labarin masu tashi sama ya shiga kansa. Ya je wa kakansa na wajen uwa, tsohon ya ba shi fam 1,000. Shi da Hearle suka ajiye aiki suka kama ƙera jirgi da katako da waya da yadi. Amaryarsa Louise ce ta ɗinka yadin fukafukan da keken ɗinkinta. A watan Disamba 1909 suka kai jirgin wani fili da ake kira Seven Barrows. Ku tuna fa, a lokacin bai taɓa tuƙa jirgi ba, ba kuma wanda ya koya masa. Jirgin ya ɗan ɗaga, fukafukan suka karye, ya dawo ƙasa a wargaje. Shi kuwa ya fito da ƙafafunsa. Suka ciro injin daga cikin tarkacen suka gina masa wani jirgin, wanda ya tashi lafiya a Satumba 1910. Ma'aikatar gwamnati da ke Farnborough ta saye shi fam 400, ta kuma ɗauki mai shi aiki. Ku riƙe sunan Farnborough, zai dawo.

Shekaru talatin da suka biyo baya nasara ce kan nasara, ba zan daɗe a kansu ba. Ya zana jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1920 ya kafa kamfaninsa mai ɗauke da sunansa. A 1925 ya fitar da ƙaramin jirgi mai sauƙin tuƙi da ya raɗa wa Moth, wato faɗa-wuta, domin shi mutum ne mai sha'awar tara irin waɗannan ƙwari. Da irin jirgin nan Amy Johnson ta tashi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya a 1930. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, alminiyam ya yi tsada, kamfanin ya ƙera jirgin yaƙi da katako, Mosquito, sauro ke nan, har kafintoci masu yin kujeru suka sami aikin yaƙi. An ƙera fiye da 7,000. A 1944 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir.

To, amma kafin lambar ta zo, gidan ya fara biyan kuɗin sana'a. 'Ya'yansa maza uku ne, biyu daga ciki matuƙan gwaji ne a kamfanin ubansu. A Agusta 1943 John, ɗan shekara 24, yana gwada Mosquito ya yi karo da wani Mosquito a sama, ya mutu. Ran 27 ga Satumba, 1946, babban ɗan, shi ma Geoffrey, yana gwada wani jirgin jet marar wutsiya mai suna DH 108, yana neman gudun da ya kusa da na sauti. Jirgin ya tarwatse a kan bakin kogin Thames. Uku aka ƙera na irinsa, duka ukun sun faɗi, kowanne ya tafi da matuƙinsa. Louise, wadda ta ɗinka fukafukan farko, ba ta sake samun kanta ba. Ta rasu a 1949.

A cikin shekarar nan dai, ran 27 ga Yuli, ranar da tsohon ya cika 67, jirgin Comet ya yi tashinsa na farko. Sunan na nufin tauraruwa mai wutsiya. Ronald Bishop ne ya jagoranci zanen, John Cunningham ya tuƙa. Ran 2 ga Mayu, 1952, kamfanin BOAC ya ɗora fasinja 36 a Landan, aka ya da zango a Roma, Beirut, Khartum, Entebbe da Livingstone, aka sauka Johannesburg cikin ƙasa da awa 24. Shi ne karon farko a duniya da fasinja suka biya kuɗi suka hau jirgin jet. Amurka ba ta da irinsa. Jiragen farfela na lokacin suna ratsa hadari suna jijjiga mutane, shi kuwa Comet sai ya haye can sama da gajimare, ƙafa 35,000 zuwa 40,000, yana gudu kusan ninki biyu.

Nan ne matsalar take, kuma sai mun ɗan shiga aji. A wannan tsawo iska ba ta da kaurin da mutum zai shaƙa ya rayu, don haka dole a ɗura iska cikin jirgin. Bambancin matsin ciki da na waje a Comet fam takwas da kwata ne a kan kowane inci murabba'i. Na zauna na lissafa: duk wurin da ya kai ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi a jikin jirgin yana tare da nauyin da ya haura kilo 500, buhun siminti goma da 'yan kai, yana tura shi waje. In jirgi ya hau, jikinsa ya kumbura kaɗan. In ya sauko, ya saɓe. Kullum haka. Ga shi kuma injinan zamanin ba su da ƙarfi sosai, sai aka rage kaurin fatar alminiyam ɗin don jirgin ya yi sauƙi.

Haɗurran farko ba daga nan suka fito ba. A Oktoba 1952 wani Comet ya kasa ɗagawa a Roma, ya zarce ƙarshen titin jirgi, ba wanda ya mutu. A Maris 1953 irin haka ya faru a Karachi, mutum 11 suka mutu. Aka ɗora wa matuƙa laifin ɗaga hancin jirgi fiye da kima. Daga baya aka gane cewa siffar fukafukin ma na da hannu, aka gyara gabansa. Ran 2 ga Mayu, 1953, shekara guda cur da fara aiki, wani ya tarwatse cikin hadari mai tsanani mintoci shida bayan tashi daga Kalkata. Mutum 43. Aka ce guguwa ce.

Ran 10 ga Janairu, 1954, ba hadari, ba guguwa. Wani Comet da ya taso daga Singafo ya sha mai a Roma ya nufi Landan. Kimanin minti ashirin da tashi, matuƙin yana cikin magana ta rediyo da wani jirgin, maganar ta yanke a tsakiya. Masunta a kusa da tsibirin Elba suka ga tarkace na zubowa cikin teku. Mutum 35, ba wanda ya tsira. Kuma jirgin nan shi ne wanda ya kai fasinjojin farko Johannesburg. Likitocin da suka duba gawarwakin sun tarar da huhu a fashe da karayar ƙoƙon kai, alamar iskar cikin jirgin ta fice lokaci guda.

Aka dakatar da jiragen. Aka zauna aka lissafo duk abin da ake zargi, gobara ce, inji ne ya fashe, ko me, aka yi gyare-gyare barkatai a kan zato. Ran 23 ga Maris aka mayar da su aiki, alhali ana kan tsamo tarkacen Elba, ba a san sanadi ba. Kwana goma sha shida bayan haka, ran 8 ga Afrilu, wani Comet ya tashi daga Roma za shi Alƙahira, ya tarwatse a kan teku kusa da Naples da mutum 21. A duk tarihin nan, wannan ne wurin da na kasa yi wa kowa uzuri, da hukumomin da suka ba da izini, da BOAC da ke asarar kuɗi kullum jiragen na ajiye, da kamfanin de Havilland. Mutanen Elba rashin sani ya kashe su. Na Naples kuwa, wallahi an san cewa ba a sani ba, aka ɗora su.

Sai aka miƙa binciken ga Farnborough, inda tsohon ya sayar da jirginsa na fam 400, ƙarƙashin Sir Arnold Hall. Sojan ruwan Ingila suka yi ta laluben ƙasan teku da kyamarar talabijin, suka tsamo kusan kashi saba'in cikin ɗari na jirgin Elba, aka jera shi a kan firam ɗin katako kamar mai haɗa fasasshiyar tukunya. A gefe guda aka gina ƙaton tanki, aka saka gangar jikin wani Comet sukutum, fukafukai a waje ana lanƙwasa su da jak. Aka cika ciki da waje da ruwa, ana ƙara matsi ana saukewa, kowane zagaye a madadin tafiya ɗaya, dare da rana. Me ya sa ruwa? Saboda iska in an matse ta, ranar da ta sami hanya bam ce, za ta watsar da shaidar. Ruwa ba ya matsuwa, da tsaga ta buɗe sai matsin ya faɗi, a ga inda ta faro. A Yuni 1954 jikin ya yage daga kusurwar ƙofar gaggawa. Jimillar tafiyarsa, ta gaske da ta tanki, 3,057. Jirgin Elba bai wuce tafiya 1,290 ba, na Naples 900.

Sunan cutar gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ta: lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata komai, amma yi ta yi, sai ta tsinke. A jikin jirgi, damuwar ƙarfe tana taruwa a kusurwa da bakin rami, ta ninka ta sauran wurare. Da aka tsamo rufin jirgin Elba, aka bi tsagar har tushenta, sai ga ta a ramin ƙusa kusa da kusurwar wata 'yar taga da aka yanka a rufi domin eriyar rediyo. Ramukan ƙusoshin ribiti ma huda su aka riƙa yi da bugu maimakon diril, abin da kan bar ƙananan tsagu tun daga masana'anta. Za ku ji ana cewa tagogi masu kusurwa huɗu ne suka kayar da Comet. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba daga tagar fasinja tsagar Elba ta faro ba.

Ga abin da ya sa na fahimci malaminmu. Kada ku zaci kamfanin bai yi gwaji ba. Ya yi, har ya wuce abin da doka ta nema. Sun ɗauki wani sashe na jikin jirgin suka matsa shi ninki biyu na matsin aiki, ya jure. Sai suka ɗauki wannan sashen dai suka yi masa gwajin cikawa da saukewa, ya jure fiye da sau 16,000. Ashe matsin nan na farko ya ɗan miƙar da ƙarfen da ke bakin ramukan, ya ƙara masa juriyar da jiragen da ke ɗaukar fasinja ba su samu ba. Gwajin da kansa ne ya yi musu ƙarya. Mu namu tankin ko wannan matakin bai kai ba muka tafa.

Kotun bincike ƙarƙashin Lord Cohen ta zauna a bainar jama'a, aka buga sakamakon, kowa ya karanta, har da Boeing da Douglas na Amurka. Kamfanin de Havilland ya koma ya sake gini, fata mai kauri, tagogi masu siffar ƙwai. Ran 4 ga Oktoba, 1958, Comet 4 ya zama jet na farko da ya fara jigilar fasinja a kan tekun Atlantika. Mako uku bayan haka Boeing 707 ya shigo, ya fi shi girma, ya fi shi ɗaukar mutane, kasuwa ta bi shi. A 1960 Hawker Siddeley ya haɗiye kamfanin.

Tsohon ya ci gaba da tuƙa jirgi har ya kai shekara saba'in. A ƙarshen rayuwarsa ya fi mayar da hankali ga ɗaukar hoton namun daji a Afirka ta Gabas, ya kuma rubuta tarihin kansa a littafi mai suna Sky Fever a 1961. Ya mutu ran 21 ga Mayu, 1965, yana da shekara 82. Aka ƙone gawarsa kamar yadda wasu Turawa ke yi, aka watsa tokar a Seven Barrows, filin da jirginsa na farko ya karye.

Tankinmu kuwa, mun koma mun cika shi da ruwa muna matsawa muna saukewa. A rana ta uku wata 'yar ɗigo ta bayyana a bakin waldar da ke kusa da bawul, kuma ni na yi waldar wurin.