Shehun Malami Clair Patterson, Mutumin Da Ya Tona Asirin Gubar Dalma

Duk manomin rake a Maƙarfi ko Kudan, da mai lambun tumatir a Ikara, fetur ɗin da yake zuba wa injin ban-ruwa babu dalma a cikinsa. Kafin a kai ga haka, sai da wani masanin ilmin sinadarai ɗan Amurka, Clair Patterson, ya shafe shekara 30 yana fafutuka.

An haife shi ran 2 ga Yuni 1922 a garin Mitchellville cikin Jihar Iowa. Ya gama Kwalejin Grinnell cikin 1943, kana ya sami digirin digirgir a Jami'ar Shikago cikin 1951. Aikin da malaminsa Harrison Brown ya ɗora masa shi ne gano shekarun duniya ta hanyar auna dalmar da ke cikin duwatsu, domin yureniyom yakan rikiɗa ya zama dalma sannu a hankali. To, kowane awo ya yi sai ya tarar dalma ta wuce ƙima, ashe ƙurar ɗakin da ruwan da yake aiki da shi duk sun gurɓata da ita. Da ya koma Caltech a Kalifoniya cikin 1952, ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsabta, kuma cikin 1956 ya bayyana cewa duniya ta shekara miliyan 4,550.

Sa'an nan ya shiga neman asalin wannan dalma. Ya auna ruwan teku, ya haƙo tsohuwar ƙanƙara a Girinlan da Antatika, ya tabbatar da cewa dalma ta ƙaru ƙwarai a iska tun da aka fara zuba ta cikin fetur a 1923 don hana inji ƙwanƙwasa. Cikin 1965 ya rubuta cewa dalmar da ke jikin Amurkawa ta ninka ta asalin halitta kamar sau 100.

Gaskiya ɗaci gare ta. Masu harkar mai suka janye kuɗin da suke ba shi na bincike, kuma cikin 1971 aka kafa kwamitin masana kan dalmar iska ba a sa shi ciki ba. Duk da haka bai ja da baya ba. Ya rasu ran 5 ga Disamba 1995, saura 'yan makonni Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, cikin 2021.

Sai dai ba a fetur kaɗai dalma take ba. Cikin 2010 yara fiye da 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda dakan dutsen zinariya a cikin gidaje. Gargaɗin Patterson ke nan: dalma ba ta ba da alama sai ta yi ɓarna, awo kaɗai ke bayyana ta.